Suna da lamba: Yadda ƙananan hukumomi ke tsara adireshi

A Najeriya, raɗa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba aiki ne da tsarin mulkin ƙasar ya ɗora wa majalisun ƙananan hukumomi.

To amma duk wanda ya taɓa neman wani gida a Kurna ta Kano, ko Rigasa ta Kaduna, ko Nyanya a gefen Abuja, ya san cewa da kwatance ake isa: a wuce gidan mai, a shiga layi na biyu a hannun hagu, sannan a tambayi mai shayi.

Aikin dai kashi biyu ne, wato suna da kuma lamba. Na farko shi ne ke ɗaukar hankalin masu mulki, domin akwai karramawa da siyasa da kuɗin shiga a cikinsa. Na biyun, wanda shi ne ke kai baƙo har ƙofar gida, ba kasafai ake jin ɗuriyarsa ba.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da kasancewar zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, sannan Jadawali na Huɗu ya zayyana ayyukansu.

Daga ciki akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. A tsakiyar wannan jeri ne aka ambaci raɗa wa hanyoyi da tituna suna da kuma sanya wa gidaje lamba.

Ke nan nauyin yana wuyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar, ciki har da 44 na jihar Kano da 34 na jihar Katsina da kuma shida na yankin babban birnin tarayya.

Tanadin ba sabo ba ne. An gaje shi ne daga tsarin mulkin 1979, wanda shi kuma ya biyo bayan garambawul ɗin 1976, lokacin da aka samar da tsari iri ɗaya na ƙananan hukumomi a duk faɗin ƙasar, a madadin waɗanda suka samo asali daga zamanin En'e.

Wannan jadawali dai shi ne ya ba ƙananan hukumomin ikon ƙiyasta gidajen jama'a domin karɓar kuɗin da majalisar dokokin jiha ta ƙayyade. Ayyukan biyu a haɗe suke, tun da yake gidan da ba ya cikin rajista babu yadda za a aika masa da takardar biyan kuɗi.

Sai dai tsarin mulkin bai fayyace yadda za a gudanar da aikin ba. Ya bar wa kowace majalisar dokokin jiha ta yi dokar ƙananan hukumominta, su kuma kansiloli su kafa ƙananan dokoki a ƙarƙashinta. Shi ya sa ka'idojin suka bambanta daga jiha zuwa jiha, kai har daga wannan ƙaramar hukuma zuwa maƙwabciyarta.

Wata dokar soja mai lamba 21 ta shekarar 1998, wadda ta rarraba haraji tsakanin matakan gwamnati uku, ta ƙara dagula lissafin. Ta ba ƙaramar hukuma kuɗin rajistar sunan titi, amma ta ware titunan da ke babban birnin jiha ta miƙa kuɗinsu ga gwamnatin jihar. Wato inda titunan suka fi daraja, a nan ne hannun ƙaramar hukuma ya fi gajarta.

A aikace ma, gwamnoni ne kan raɗa wa manyan hanyoyi da gadojin sama suna ranar buɗe su. A Abuja kuwa gwamnatin tarayya ce ke yin hakan, kamar yadda aka gani a 2024 lokacin da aka sanya wa wata babbar hanya sunan Shugaba Bola Tinubu, wata kuma sunan marubuci Wole Soyinka.

Yadda ake neman suna

A akasarin wurare, ba ƙaramar hukuma ce ke fita ta bi layi-layi tana raɗa suna ba. Jira take a zo a nema.

Mai buƙata, ko mutum ɗaya ne ko ƙungiyar unguwa ko kamfanin da ya gina rukunin gidaje, yakan rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ya cika fom, ya biya kuɗi. Jami'an sashen ayyuka sai su je su duba layin, su tabbatar babu wani suna da aka riga aka yi wa rajista a kansa. Idan aka amince, a ba shi takardar shaida, a kafa allo a bakin layi.

A wasu wuraren akan nemi sa hannun mazauna layin ko na mai unguwa, a wasu kuma akan buƙaci a riƙa sabunta rajistar lokaci-lokaci.

Illar wannan tsari a fili take. Layin da ke da mai hali yakan sami suna, galibi sunan shi mai halin ko na mahaifinsa, yayin da layuka goma da ke kewaye da shi za su zauna babu ko ɗaya. Su kuwa jama'a ba sa jiran allo: sukan kira wuri da abin da suka gani a cikinsa, shi ya sa kusan kowace unguwa tana da layin masallaci da layin makaranta da layin transifoma, abin da ke rikita wanda ba ɗan unguwar ba.

Inda aka sami sunaye masu tsari, za a tarar an zana unguwar ne a takarda kafin a gina ta. Sabon Garin Kano, wanda Turawan mulkin mallaka suka yanka domin baƙi daga kudu da sauran sassan Afirka ta Yamma, yana da miƙaƙƙun tituna masu sunaye irin su Ibo Road da Yoruba Road da Abeokuta Road da Church Road, waɗanda da jin su an san su waye suka fara zama a wurin.

Abuja ta ɗauki salon rukuni-rukuni. Yawancin titunan Maitama sunayen koguna da tafkunan duniya ne, kamar Nilu da Amazon da Mississippi. A shiyyoyin Wuse akwai sunayen biranen Afirka, a Asokoro kuma na shugabanni irin su Kwame Nkrumah da Julius Nyerere da Nelson Mandela. Wanda ya san wannan, da ya ji sunan titi zai iya hasashen unguwar da yake.

Suna da siyasa

Sauya sunan titi ya fi raɗa shi tayar da ƙura.

Broad Street da ke tsibirin Legas ya taɓa komawa titin Yakubu Gowon, daga baya aka mayar masa da sunansa na asali bayan Janar Gowon ya bar mulki.

A 1998, bayan da hukumomin birnin New York suka sanya sunan marigayiya Kudirat Abiola a wata kusurwa da ke kusa da ofishin jakadancin Najeriya, gwamnatin Janar Sani Abacha ta mayar da martani. Ta sauya sunan Eleke Crescent, inda ofishin jakadancin Amurka yake a Legas a lokacin, zuwa na Louis Farrakhan, shugaban ƙungiyar Nation of Islam wanda ba ya ga maciji da gwamnatin Amurka. Da aka koma mulkin farar hula, sai titin ya sake samun wani sunan, na Walter Carrington, tsohon jakadan Amurka da ya yi ta sukar gwamnatin Abacha. Suna uku ke nan a titi ɗaya cikin 'yan shekaru.

A watan Yulin 2025 an sake irin wannan taƙaddama a Legas, inda hukumar raya yankin Bariga ta sauya sunayen wasu wurare, ciki har da titin Ilaje da aka mayar King Sunny Ade, da tashar bas ta Charly Boy da aka laƙaba wa laƙabin mawaƙi Olamide. 'Yan ƙabilar Ilaje sun yi zanga-zanga, suna masu cewa ana neman share tarihinsu. Lauya Femi Falana kuma ya ce matakin ya saɓa wa tsarin mulki, saboda ba a tuntuɓi mazauna ba, kuma ikon na ƙananan hukumomi ne. Tsarin mulki dai ƙananan hukumomi 20 ya lissafa wa Legas. Hukumomin raya yankuna 37, irin ta Bariga, jihar ce ta ƙirƙiro su.

A Jamhuriyar Nijar ma, a watan Oktoban 2024 gwamnatin soja ta cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi a Yamai ta maye gurbinsa da na Djibo Bakary, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar neman 'yancin ƙasar.

Abin da ba a cika faɗa ba a ranar bikin buɗe sabon allo shi ne ɗawainiyar da ke biyo baya. Mai shago ko kamfani sai ya gyara takardunsa na banki da na rajistar kasuwanci da na haya, da kuɗin aljihunsa. Direban tasi da ɗan a-daidaita-sahu kuwa sukan ci gaba da kiran tsohon suna, wani lokaci har tsawon shekaru masu yawa.

Ka'idar lamba

Ka'idar da aka fi sani tana da sauƙi. Akan zaɓi bakin titi ɗaya a matsayin mafari, galibi wanda ya fi kusa da tsakiyar gari ko da babbar hanya. Gidajen hannu ɗaya su ɗauki 1, 3, 5, 7, na ɗaya hannun su ɗauki 2, 4, 6, 8. Mai neman gida da ya ga lambobi biyu a jere ya san ɓangaren da zai duba da kuma inda zai nufa.

Birnin Paris ya ɗauki wannan tsari tun 1805, a zamanin Napoleon, inda aka mai da kogin Seine ma'auni: titin da ya taso daga kogin, daga bakin ruwa lambarsa ke farawa.

A biranen Najeriya abin da ya fi rikita mutane shi ne bambancin lambar fuloti da lambar gida. Lambar fuloti daga taswirar masu safiyo take fitowa, lokacin da ma'aikatar ƙasa ta jiha ta yanka fili, kuma ita ce ke kan takardar mallaka. Tana bin tsarin taswira ne, ba ta bin tafiyar titi, don haka ana iya ganin fuloti mai lamba ɗari uku da wani abu yana kallon mai lamba dubu da wani abu. Tun da dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, lambar fuloti ta jiha ce, lambar gida kuma ta ƙaramar hukuma. Inda ƙaramar hukuma ba ta yi nata aikin ba, sai mutane su rubuta ta fulotin a ƙofa.

Ba ita kaɗai ba ce. A bangon gida ɗaya ana iya samun ragowar lambar da ma'aikatan ƙidayar 2006 suka rubuta, da alamar alli ta masu rigakafin shan-inna, da lambar kamfanin wutar lantarki. Kowace hukuma ta ƙirga gidajen domin buƙatar kanta, ta tafi da rajistarta.

Akwai kuma ɗari-ɗarin da jama'a ke yi da mai fenti da buroshi, wanda yana da tushe a tarihi. Lokacin da Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ta ba da umarnin sanya wa gidaje lamba a 1770, manufar ita ce a san inda za a samo samarin da za a ɗauka soja. A arewacin Najeriya kuwa, rubuta sunan magidanci ya daɗe yana nufin haraji, wanda sai a 1979 gwamnatocin jam'iyyar PRP, ta Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna, suka soke shi tare da jangali. Har yanzu tambayar farko da akan yi wa mai rubuta lamba ita ce ko nawa za a biya.

Cikin ganuwa da bayan gari

Ba daidai ba ne a ce tsofaffin biranen ƙasar Hausa ba su da adireshi. Suna da nasu, wanda ya girmi na Turawa a ƙasar.

A cikin birnin Kano, ambaton Yakasai ko Soron Ɗinki ko Alfindiki ya riga ya taƙaita nema zuwa 'yan lunguna. Daga nan sunan mai gida ko na zuriyar ya isa, domin gida da mai shi ake saninsa. Mai unguwa shi ne rajistar: ya san wanda ya gada, da wanda ya saya, da wanda ya sauka baƙo. Ta hannunsa sammaci ke isa, ta hannunsa saƙon dagaci da na hakimi ke sauka.

Wannan tsari yana aiki ne muddin mutane sun san juna. Inda yake gazawa shi ne a sababbin unguwannin bayan gari da aka yanka da awon igiya, ba tare da taswirar hukuma ba, inda 'yan haya ke shiga suna fita, kuma maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. A irin waɗannan wurare tsohon tsarin ya raunana, sabon bai iso ba, kuma a nan ne biranen suka fi bunƙasa.

Sakamakon yakan bayyana a lokacin da ba a shirya ba. Wanda ya kira lambar gaggawa ta 112 saboda gobara ko naƙuda, da kwatance zai jagoranci motar, a daidai lokacin da hankalinsa ya fi tashi. Banki kan nemi takardar kuɗin wuta domin tabbatar da mazaunin mai buɗe cikakken asusu, abin da ɗan haya a gidan da mita ɗaya ke ɗauke da ɗakuna goma ba ya da shi da sunansa. Kotu kan nemi mai tsaya wa wanda ake tuhuma ya kasance yana da adireshin da za a iya tantancewa. Mai sayar da kaya ta intanet kuma sai ya haɗa da kuɗin kiran waya uku ko huɗu kafin ɗan aike ya gano ƙofa.

Yadda ake yi a Ingila

Tun da yake Najeriya daga Birtaniya ta gaji tsarin ƙananan hukumomi na zamani, yana da amfani a duba yadda aikin ke gudana a can.

A Ingila ma majalisun ƙananan hukumomi ne ke da ikon, a ƙarƙashin tsofaffin dokoki, musamman ta 1847 kan kyautata garuruwa da ta 1925 kan lafiyar jama'a. Birnin London yana da tasa dokar ta 1939.

A ƙarƙashin dokar 1925, mai gina sababbin gidaje yakan gabatar da sunan da yake so, majalisa kuma tana da wata ɗaya ta nuna rashin amincewa. Idan bai gamsu ba, yana da kwana 21 ya kai ƙara kotun majistare.

Majalisun kan ƙi sunan da ya yi kama da wani a yankin, ko a rubuce ko a furuci, saboda kada motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana ta ɓata. Da yawa daga cikinsu ba sa yarda da sunan mutumin da ke raye, domin ba a san abin da gobe za ta fallasa game da shi ba. Idan aka gina sabon gida tsakanin lamba 12 da 14, sai a ba shi 12A maimakon a sake wa dukan titin lamba. Wasu majalisun ma kan tsallake lamba 13, saboda camfin da ke sa masu sayen gida gudunta.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da ke biyo baya. Kamfanin gidan waya na Royal Mail ba ya ba sabon titi lambar aika saƙo sai majalisa ta sanar da shi a hukumance. Kowane gida kuma yana samun wata lamba ta musamman, mai alƙaluma har zuwa 12, wadda ba ta sauyawa ko da sunan titin ya sauya. Bayanan majalisun duka suna taruwa a rumbu ɗaya na ƙasa, wanda 'yan sanda da asibitoci da masu karɓar haraji ke amfani da shi.

Can ma ba a rasa rigima. A watan Janairun 2023 majalisar Haringey a arewacin London ta sauya sunan Black Boy Lane zuwa La Rose Lane, domin karrama marubuci John La Rose, bisa hujjar cewa tsohon sunan na da warin wariyar launin fata. Wasu mazauna titin sun liƙa allunan tsohon sunan a gidajensu. Wata doka da aka zartar a wannan shekarar ta wajabta wa majalisun Ingila samun isasshen goyon bayan mazauna kafin sauya sunan titi.

Lambar gidan waya da ta na'ura

Najeriya tana da lambobin aika saƙo masu alƙaluma shida a ƙarƙashin hukumar gidan waya ta NIPOST: 700001 na babban gidan wayar Kano, 800001 na Kaduna, 900001 na Garki a Abuja. Sai dai irin wannan lamba yanki take nunawa, ba gida ba, kuma shekara da shekaru masu karɓar wasiƙa akwatin gidan waya suka dogara da shi.

A 2017 hukumar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin what3words na Birtaniya, wanda ya yanka duniya zuwa murabba'ai masu faɗin mita uku, ya ba kowanne kalmomi uku. A watan Oktoban wannan shekarar Ghana ta ƙaddamar da nata tsarin, GhanaPostGPS, mai murabba'in mita biyar, shekaru huɗu bayan Shugaba John Mahama ya ba majalisun gundumomi wa'adin wata 18 su raɗa wa titunansu suna. Irin wannan lamba tana nuna wa mai wayar zamani daidai inda zai tsaya, amma ba ta bayyana a bango ga mai tafiya a ƙasa.

Wasu biranen ƙasashen Afirka renon Faransa sun bi wata hanyar, wadda Bankin Duniya ya tattara darussanta a wani littafin jagora a 2005. Sun jingine batun suna gefe, saboda shi ne ke jawo gardama da jinkiri, suka fara ba kowane layi lamba.

A Yamai, harufa biyu na farko suna nuna unguwa, kamar PL na Plateau, da YN na Yantala, da KK na Koira Kano, sai lambar layin ta biyo baya. Idan daga baya majalisar birni ta ga dama ta karrama wani, sai a ɗora sunan a kan lambar.

A wannan tsari, lambar ƙofa tana bin nisanta ne daga farkon layi. Idan da mita ake awo, gida mai lamba 250 yana kimanin mita 250 daga mafari. Idan magada suka raba gida biyu, ko aka gina kangon da ke tsakani, sabuwar ƙofar za ta sami tata lambar daga awo, ba tare da an taɓa ta maƙwabta ba.